Tambayoyi da amsoshi: yadda ƙananan hukumomin Ingila ke biyan kuɗin jinyar masu jarabar hiroyin da ba da kwangilarta

A Ingila, wanda jarabar hiroyin ko wata ƙwaya ta dangin ofiyom ta kama, ba kasafai ake kwantar da shi a asibiti ba. Yana zaune a gidansa, yana zuwa cibiyar jinya ya ga ma'aikacin da ke kula da shi da mai rubuta magani, sannan ya riƙa karɓar metadon ko bufrenofin, magungunan da ke maye gurbin hiroyin, a kantin magani na unguwarsu. Wannan jinya ta je-ka-ka-dawo, ƙaramar hukuma ce ke sayenta da kwangila. Sharuɗɗan da aka rubuta a kwangilar su ne ke yanke ko mutum zai daɗe a kan magani ko zai zame ya koma hannun dillalai.

Wa ke da alhakin wannan jinya, kuma tun yaushe?

Tun ranar 1 ga Afrilu 2013. Dokar lafiya da kula da jama'a ta 2012 ce ta cire ayyukan lafiyar al'umma daga hannun hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ta damƙa su ga manyan ƙananan hukumomi sama da 150: na gundumomi irin su Kent da Lancashire, na manyan birane irin su Birmingham da Manchester, da na unguwannin Landan. A wannan sauyi ne aka rushe hukumar jinyar shaye-shaye ta ƙasa da aka kafa a 2001. Kowace ƙaramar hukuma tana da daraktan lafiyar al'umma, kuma a ƙarƙashinsa ne jami'an da ke tsara kwangilar suke. Wannan tsari na Ingila ne kaɗai. Sukotland da Wales kowacce da nata.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Mafi yawansa daga tallafin lafiyar al'umma ne, wanda ma'aikatar lafiya ke rabawa ƙananan hukumomi duk shekara. A shekarar kuɗi ta 2023/24 jimillarsa ta kai wajen fam biliyan 3.5. An killace shi, wato ba a yarda a gyara titi ko a kwashe shara da shi ba, kuma babban jami'in kuɗi na ƙaramar hukuma sai ya sa hannu cewa an kashe shi yadda aka shar'anta.

Sai dai a cikin killacen akwai masu rabo da yawa: asibitocin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, ma'aikatan da ke ziyartar jarirai a gida, awon yaran makaranta, yaƙi da shan taba. Wasu daga cikinsu doka ta wajabta su. Jinyar shaye-shaye ba ta cikin wajibabbun. Abin da aka ce kawai shi ne ƙaramar hukuma ta yi la'akari da buƙatar ƙara yawan masu shiga jinya da kyautata sakamakonta. Kafin 2013 kuɗin jinyar na da asusunsa daban. Da aka zuba shi cikin babban asusu, sai ya zama shi ne mafi sauƙin taɓawa, don masu amfana da shi ba masu cika zauren majalisa da ƙorafi ba ne.

An zaftare kuɗin da gaske, ko ƙorafin 'yan kwangila ne kawai?

An zaftare. A 2015 gwamnati ta cire fam miliyan 200 daga tallafin ana tsakiyar shekara, bayan an riga an ƙulla kwangiloli, aka kuma ci gaba da rage shi a shekarun da suka biyo. Ofishin binciken kuɗi na ƙasa ya ƙiyasta a 2023 cewa abin da ake kashewa kan jinyar ƙwaya da giya ya ragu da kashi 40 cikin ɗari tsakanin 2014/15 da 2021/22, idan aka lissafa da hauhawar farashi. A daidai wannan zamani mace-macen guba ta ƙwaya a Ingila da Wales suka tashi daga 2,597 a 2012 zuwa 5,448 a 2023, kusan rabinsu da dangin ofiyom a ciki. Ba ragin kuɗi kaɗai ya jawo haka ba: masu shan hiroyin tun shekarun 1980 da 1990 sun tsufa da ciwon huhu da na hanta, ga kuma ƙwayoyin haɗi masu ƙarfin gaske, nitazin, da suka shigo kasuwa. Amma wanda ya ce ragin bai taka rawa ba, bai dubi cibiyoyin ba.

Me binciken Carol Black ya canza?

Gwamnati ta ɗora wa Farfesa Carol Black binciken harkar ƙwaya, ta fitar da kashi na farko a Fabrairun 2020, na biyu a Yulin 2021 da shawarwari 32. Ta tarar ma'aikaci ɗaya na riƙe da masu jinya 50 zuwa 80, wani wurin har 100, alhali bai kamata ya wuce 40 ba. Likitocin ƙwaƙwalwa masu ƙwarewa a jaraba sun yi ƙaranci, an maye gurbinsu da ma'aikata masu arha.

A Disambar 2021 gwamnati ta fito da shirin shekara goma, ta ware fam miliyan 780 na shekara uku don jinya da farfaɗowa, sama da miliyan 500 daga ciki ta hannun ƙananan hukumomi a matsayin ƙarin tallafi na musamman. An sa burin sababbin gurabun jinya 54,500, daga ciki 21,000 na masu shan hiroyin da dunƙulen hodar iblis. An kuma gindaya sharaɗi mai ma'ana: ƙaramar hukuma ba za ta karɓi ƙarin ta rage nata na asali ba. Inda aka yi tuntuɓe shi ne sanar da rabon shekara-shekara, wani lokaci a makare. Ƙungiyar da ba ta san ko kuɗin baɗi zai zo ba, ba za ta ɗauki nas aikin dindindin ba, kuma nas mai rubuta magani ba za ta bar aikinta a NHS don kwantiragin wata goma sha biyu ba.

Su wa ke karɓar kwangilar?

Galibi manyan ƙungiyoyin agaji ne masu aiki a faɗin ƙasa, irin su Change Grow Live da Turning Point da WithYou, sai wasu asibitocin ƙwaƙwalwa na NHS. Abin da aka fi yi shi ne a ba babban ɗan kwangila ɗaya aikin gaba ɗaya, ƙwaya da giya, shi kuma ya yanka wa ƙananan ƙungiyoyi wasu sassa. Duk cibiyar da ke rubuta magani sai ta yi rajista da hukumar sa ido kan ingancin jinya, CQC, wadda ke zuwa bincike ta ba da maki a bainar jama'a.

Wane mataki ake bi kafin a ba da kwangila?

Ana farawa da ƙididdigar buƙata: mutum nawa ake ƙiyasta suna shan hiroyin a yankin, nawa ne ke cikin jinya, nawa suka mutu bara, a wace unguwa. Tazarar da ke tsakanin adadi na farko da na biyu ita ce ainihin aikin. Daga nan a zauna da masu jinya da iyalansu da masu kantin magani da 'yan sanda, a rubuta takardar bayanin aiki, a kai wa 'yan majalisar ƙaramar hukuma su amince da kuɗin da tsawon wa'adin. Babbar kwangila kan ci shekara guda ko fiye daga fara shiri zuwa ranar kama aiki.

Tun 1 ga Janairu 2024 akwai sabuwar ƙa'idar zaɓen masu ba da ayyukan lafiya, kuma ta shafi ƙananan hukumomi. Yanzu ba dole ne a tallata kwangila duk lokacin da wa'adi ya cika ba. Idan mai riƙe da aikin yana yi yadda ya kamata, kuma sabuwar kwangilar ba ta sauya sosai ba, ana iya sabunta masa kai tsaye. Ana iya zaɓen wanda ya fi dacewa ba tare da gasa ba, ana kuma iya buɗe gasa. Ma'aunai biyar ake dubawa: inganci, dacewar farashi da aiki, haɗin kai da sauran ayyuka da ɗorewa, sauƙin samun jinya ga marasa galihu, da amfanin da yankin zai samu. A hanyoyin da ake iya ƙalubalanta, ana dakatawa kwanakin aiki takwas bayan sanar da wanda aka zaɓa kafin a rattaba hannu.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne rabon maki. Idan aka ba farashi rabin maki, wanda ya fi rage ma'aikata a takarda shi zai ci. Jami'an da suka san aikin sukan ƙayyade kuɗin tun farko, su ce ga abin da muke da shi, kowa ya nuna abin da zai yi da shi.

Takamaimai me ake saye da kuɗin?

Abu mafi tsada shi ne makonnin farko. Metadon na taruwa a jiki a hankali, adadin da mutum ya sha lafiya ranar farko yana iya fin ƙarfinsa a rana ta uku ko ta huɗu. Shi ya sa ƙa'idojin jinya na 2017 suka ce a fara da miligiram 10 zuwa 30, kada a wuce 40 a ranar farko ko ga wanda jikinsa ya saba sosai, a ƙara 5 zuwa 10 a lokaci guda, kada ƙarin mako ya haura 30. Adadin da ke riƙe yawancin mutane yana tsakanin 60 da 120 a rana. Kafin a kai can, sai an ga mutum sau da yawa cikin 'yan makonni, an gwada fitsari ko yawu, an duba me yake haɗawa da shi, musamman giya da ƙwayoyin barci. Kwangilar da ba ta biya isassun sa'o'in masu rubuta magani ba takan bar mutane a kan 30 ko 40 wata da watanni. Adadin bai isa ya kashe ƙishirwar ƙwayar ba, sai mutum ya riƙa cikawa da ta titi, a rubuta a fayil cewa ba ya ba da haɗin kai.

Bufrenofin matsalarsa daban. Sai an jira alamun yankewa sun bayyana, hamma da gumi da tsigar jiki, sannan a ba da miligiram 4 zuwa 8. Idan aka yi gaggawa, maganin zai ture ragowar hiroyin ya jefa mutum cikin azabar yankewa nan take, kuma wanda ya ɗanɗana wannan da wuya ya dawo. Yawanci ana tsayawa a 12 zuwa 16, iyaka 32.

Bayan magani akwai zaman shawara, rabon allura da sirinji masu tsabta, gwajin ciwon hanta nau'in C da ƙanjamau, da nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda ya sha fiye da kima. Tun Oktoban 2015 cibiyoyin jinya na iya ba da shi ba tare da takardar likita ba, na allura, daga 2019 kuma har da na fesawa a hanci, ga mai shan da iyalinsa. Ya kamata kwangila ta ce kowa ya fita da shi a aljihu tun ziyarar farko.

Mene ne aikin kantin magani?

Shi ne ke ganin mai jinya kullum. Ana rubuta maganin a takarda mai launin shuɗi da ke ba da damar rarraba shi kashi-kashi har kwana 14. A farkon jinya mutum zai zo kowace rana, mai haɗa magani ya shigar da shi ɗan ɗakin shawara, ya auna koren ruwan metadon, miligiram ɗaya a kowace mililita, ya miƙa masa a kofi, ya sha a gabansa, ya kora da ruwa, su ɗan yi magana don a tabbatar ya haɗiye. Na bufrenofin sai an jira ƙwayar ta narke a ƙarƙashin harshe, mintuna biyar ko fiye. Idan mutum ya zo a buge, ba a ba shi. Idan ya yi kwana uku a jere bai zo ba, ana dakatar da maganin a mayar da shi wurin mai rubutawa, don sabon da jikinsa ya yi ya fara raguwa, adadin makon jiya na iya kashe shi yau.

Ana biyan kanti ladan kowane sha da ya sa wa ido, daga ƙaramar hukuma kai tsaye ko ta hannun babban ɗan kwangila. Ladan kaɗan ne, kuma idan ya shekara da shekaru bai motsa ba, kantuna sukan janye. A ƙauye, janyewar kanti ɗaya na nufin mota biyu kowace safiya. Wanda ya daidaita sai a sassauta masa, ya riƙa ɗaukar na kwanaki zuwa gida, tare da akwati mai makulli idan akwai yara, don ɗan abin da babba ke sha ya isa ya hallaka ƙaramin yaro.

Wa ke biyan kuɗin maganin kansa?

Kanti na karɓar kuɗinsa daga ofishin biyan kuɗi na NHS, ofishin kuma ya turo lissafin ga cibiyar da ta rubuta. Ko zai tsaya a kan ɗan kwangila ko a kan ƙaramar hukuma, wannan sai abin da kwangila ta ce. A 2018 farashin ƙwayar bufrenofin ya yi ninki da yawa cikin 'yan watanni saboda ƙarancinta a kasuwa. Inda aka ɗora haɗarin duka a kan ƙungiya, giɓin daga albashin ma'aikata ya fito. Gyaran shi ne a ware kuɗin magani daban, a rubuta iyakar da idan farashi ya haura za a raba asarar.

Haka batun allurar bufrenofin ta mako ko ta wata, Buvidal. Ta fi ƙwaya tsada nesa ba kusa ba, amma tana ɗauke zuwa kanti kullum, abin da ke taimakon mai aiki ko marar matsuguni. In ba a ware mata kuɗi ba, za a riƙa ba da ita ne ga 'yan ƙalilan. Shi kuwa mai jinya ba ya biyan kuɗin ganin ma'aikaci; kuɗin takardar magani kawai ake nema, kuma masu karɓar tallafin gwamnati an yafe musu.

Me ke faruwa ranar da aiki ya koma hannun sabon ɗan kwangila?

Ma'aikata na bin aikin zuwa sabon mai gida da sharuɗɗansu na da, bisa dokar kare ma'aikata ta 2006. A takarda ke nan. A zahiri, daga ranar da aka tallata kwangila ƙwararru sukan fara neman wani wuri, ba a cike gurbinsu, wata shida kafin sauyi da wata shida bayansa ana tafiya da ma'aikatan aro. Sai batun bayanai: fayil dubu ko dubu biyu za a kwashe daga manhaja zuwa wata, kowanne da adadin magani da sunan kanti da ranar da takardarsa za ta ƙare. Takarda ɗaya da ba ta isa kanti ranar Juma'a ba tana nufin mutum zai kwana uku ba magani. Masu hankali sukan sa tsohon ɗan kwangila ya rubuta takardun da za su haye ranar sauyi da mako biyu, su kuma guji sauyi a jajibirin hutu. Ginin ma abin dubawa ne, don idan hayar da sunan tsohon take, sabon zai nemi wani, kuma maƙwabta ba kasafai suke maraba da cibiyar masu shaye-shaye ba.

To shekara nawa ya kamata kwangila ta yi?

An daɗe ana yin shekara uku. Kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan ƙwayoyi ya ce a 2017 yawan sake talla na cin kuɗi yana lalata jinya, ya ba da shawarar shekara biyar zuwa goma. Carol Black ma ta ce aƙalla biyar. Doguwar kwangila na buƙatar abu biyu a cikinta: hanyar ƙara kuɗi idan albashi ya tashi, da ƙofar fita idan aiki ya lalace.

Yaya ake auna aikin ɗan kwangila? Biya bisa sakamako bai fi ba?

Kowace cibiya na aika bayanan masu jinya ga rumbun ƙasa, NDTMS, duk wata. Daga nan aka san cewa a 2022/23 manya wajen 290,000 ne ke cikin jinya, kusan rabinsu saboda dangin ofiyom. Ma'aunin da ya yi shekaru yana mulki shi ne adadin waɗanda suka kammala jinya suka rabu da magani, ba su dawo ba cikin wata shida. Ga masu hiroyin adadin na yawo ne wajen kashi 5 cikin ɗari a shekara.

An gwada ɗaure kuɗi da irin wannan sakamako a yankuna takwas daga Afrilun 2012, kuma nazarin da aka yi bai nuna an samu ƙarin masu kammalawa ba. Raguwa ma aka gani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan sallama ce ke kawo kuɗi, ma'aikaci zai matsa wa mutum ya rage magani kafin lokaci, ko ya kauce wa mai wuyar sha'ani tun daga ƙofa. Makonnin farko bayan barin magani kuwa suna cikin lokutan da aka fi mutuwa. Ma'aunan da suka fi faɗin gaskiya su ne: nawa daga masu buƙata suka shigo, kwana nawa daga ƙwanƙwasa ƙofa zuwa shan farko, nawa ke kan isasshen adadi, nawa suka ɓace ba sallama, nawa suka mutu suna cikin jinya.

Ina ne alhakin ƙaramar hukuma ya tsaya?

A ƙofar gidan yari da ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa, kuma nan ne mutane ke faɗawa. Jinya a kurkuku NHS ke biya. Wani babban nazari a Ingila da aka wallafa a 2017 ya nuna waɗanda suka fito suna kan magani, mutuwarsu a makonni huɗun farko ta yi ƙasa da ta waɗanda suka fito ba magani da wajen kashi 75 cikin ɗari. Amma a baya an yi shekara da shekaru kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu fitowa suka riƙa isa cibiyar gari cikin mako uku. Kwangila mai kyau takan biya ma'aikacin da zai shiga ya ga fursuna kafin sallama, ya tare shi a bakin ƙofa. Mai taɓin ƙwaƙwalwa da jaraba a haɗe kuma, asibiti ya ce ya daina sha tukuna, cibiya ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Don rufe irin waɗannan ramuka aka kafa kwamitocin haɗin gwiwa na yankuna a 2022, da 'yan sanda da NHS da masu kula da waɗanda aka saki bisa sharaɗi.

Akwai abin da ya shafi Najeriya a nan?

Matsalar dangin ofiyom akwai ta, amma da wata fuska. Binciken ƙasa na 2018 da hukumar ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan magungunan wannan dangi ba bisa umarnin likita ba, akasari tiramadol. A shekarar ce aka hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Jinya kuwa ta fi taruwa a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da Maiduguri da Kware, da cibiyoyin NDLEA. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ya sa tambayar wa zai sayi ayyukan lafiya a matakin ƙaramar hukuma ta zama mai rai. Adadin magani da aka ambata a sama na masu hiroyin ne a ƙarƙashin kulawar likita, ba a ɗora shi kai tsaye a kan mai shan tiramadol.

Idan ɗan kwangila ya durƙushe fa?

Ya taɓa faruwa. A 2017 ƙungiyar Lifeline ta Manchester, mai riƙe da ayyuka a yankuna da dama, ta faɗa matsalar kuɗi ta rushe, Change Grow Live ta karɓi mafi yawan ayyukanta cikin 'yan makonni. Saboda haka ake duba asusun ƙungiya duk shekara, ba ranar ba da kwangila kaɗai ba. A kuma rubuta tun farko cewa ƙaramar hukuma na da ikon karɓar bayanan masu jinya a kowane lokaci, a tanadi sunan wanda zai ci gaba da rubuta magani idan aka wayi gari ƙofa a rufe, sannan kwangilar kantunan magani ta kasance mai ci ko da babban ɗan kwangila ya faɗi.